Hajiya kar ki hana ta, amma ki je ki tambayi me za a koyar a watan 'yan Latino

Tambayar da wata baiwar Allah ta turo ita ce: "Salam Malam. Muna zaune a Bronx, yarinyata tana aji 7. An aiko da takarda daga makaranta wai daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Oktoba watan tunawa da al'adun 'yan Hispanic ne, kowane yaro zai yi aiki a kai, akwai ranar kawo abinci, daga baya kuma za su haɗa wani tebur na matattu. Ni gani nake ɓata lokaci ne ga yarinyar da lissafi ke ba wahala. Mu da ba Sifaniyawa ba me ya haɗa mu da wannan? In hana ta ne?"

Wa alaikumus salam Hajiya, ya gida ya yara, ya sanyin da ya fara leƙowa. Kar ki hana ta. Amma fa ba wai ina nufin duk abinda ake yi da sunan wannan watan yana da amfani ba, wallahi wani abin shirme ne tsagwaronsa, na daɗe ina koyar da tarihi da zamantakewa a makarantun gwamnati na nan garin Niyok kuma na ga kala biyun da idona, na ga inda ake koyar da tarihi na gaske har yaro ya canza, na kuma ga inda za a ɗaura wa yara malafar kwali a ci abinci a ɗau hoto a watse shikenan an gama da Latino sai baɗi. Toh abinda ya kamata ki bincika shine wanne ake yi a makarantar ɗiyarki, kuma bara in ba ki abinda zaki auna da shi.

Da farko dai ba Sifaniyawa ba ne, kuma idan kika kira maƙwabciyarki 'yar Dominika da Basifaniya zata iya kallonki kamar yadda zaki kalli wanda ya ce miki Ba'ingiliya don kawai kina jin Turanci. Kalmar Hispanic tana nufin wanda asalinsa daga ƙasar da ake magana da Sifaniyanci, Latino kuma wanda asalinsa daga Latin Amurka, shi yasa ɗan Birazil Latino ne amma ba Hispanic ba tunda yarensu na Fotugal ne, ɗan Sifen kuma Hispanic ne amma ba Latino ba. Gwamnati ce ma ta yayata kalmar farkon, a ƙidayar 1980 ta shiga takardar ƙidaya, ta biyun ta biyo baya a 2000. Su kansu yawancinsu in kika tambaye su cewa za su yi ni ɗan Meziko ne, ni 'yar Puerto Rico ce, ni ɗan Honduras ne, kamar yadda mu ma sai da muka zo nan aka haɗa mu da ɗan Habasha da ɗan Kwango a kwando ɗaya aka ce duk 'yan Afirka ne.

Yawansu kuwa ba abin wasa ba ne. A ƙidayar 2020 sun haura miliyan 62, kusan mutum 1 cikin kowane 5 a Amurka, a makarantun gwamnati kuma sun wuce rubu'in ɗalibai gaba ɗaya. A Bronx inda kike zaune sun fi rabin mutanen. Wato yaran da ɗiyarki ke zama da su a benci, malamar jinyar da zata duba ki a asibiti, mai shagon kwana, direban bas, wataƙila ma wanda zai ɗauke ta aiki nan gaba. Da ɗan gari akan ci gari Hajiya.

Shi watan da kansa Shugaba Lyndon Johnson ne ya fara shi a 1968 a matsayin sati ɗaya, a 1988 zamanin Reagan aka mayar da shi wata guda. Dalilin da ya fara a tsakiyar wata kuwa shine ranar 15 ga Satumba ce ranar 'yancin ƙasashe biyar, Costa Rica da El Salvador da Guatemala da Honduras da Nicaragua, duk a 1821, Meziko tana bikin nata ranar 16, Chile ranar 18. Ba wani sirri a ciki.

Yanzu ga inda nake so ki tsaya ki saurare ni da kyau, domin nan ne yawancin iyayenmu ke kuskure. Muna ɗauka waɗannan mutanen baƙi ne irinmu, jiya suka sauka, don haka koyar da tarihinsu wata alfarma ce ake musu. Garin St. Augustine a Florida Sifaniyawa suka kafa shi a 1565, shekara 42 kafin Turawan Ingila su kafa Jamestown a 1607, Santa Fe kuma tun 1610 take babban gari. Kalifoniya da Nevada da Utah da mafi yawan Arizona da New Mexico duk ƙasar Meziko ne har zuwa 1848, lokacin da aka gama yaƙi aka sa hannu a yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo Meziko ta rasa kusan rabin ƙasarta, Teksas ma dama an riga an haɗiye ta a 1845. Mutanen da ke zaune a wuraren ba su ɗaga ƙafa sun je ko'ina ba, sun kwana 'yan Meziko suka tashi 'yan Amurka, irin dai abinda ya faru da mutanen Maraɗi da Katsina da aka zo aka ja musu layi a tsakani, wannan ya koyi Faransanci wancan Turanci alhali kakansu ɗaya. Ki duba sunayen garuruwa da jihohi ma kawai, Los Angeles, San Francisco, San Antonio, El Paso, Colorado, akwai Turanci a ciki? Puerto Rico kuma Amurka ta karɓe ta daga Sifen a 1898, tun 1917 mutanenta 'yan ƙasa ne. Toh yaron da ya gama sakandare bai san wannan ba, tarihin Amurkar kansa ne bai sani ba, kuma shi ne ake tambaya a jarabawar jiha.

Akwai wani labari da nake ba ɗalibai duk shekara kuma ban taɓa ba da shi ajin bai yi tsit ba. A garin Marfa na Teksas akwai wata makaranta mai suna Blackwell da aka ware don yaran 'yan Meziko kaɗai, ta yi aiki har 1965. A 1954 malamai suka sa kowane yaro ya rubuta a 'yar takarda cewa ba zai ƙara magana da Sifaniyanci ba, aka tattara takardun a ɗan akwati, aka yi jerin gwano zuwa gindin tuta aka binne, wai an yi jana'izar yaren. Daga ranar wanda aka ji ya yi yaren gidansu sai duka. Ke da kika yi makaranta a gida ba sai na miki bayani ba, kin san jerin sunayen masu yin banakula da monita ke rubutawa, kin san tarar da ake ci, 'yan uwanmu na Nijar kuma sun san abin da ake rataya wa yaro a wuya in ya kuskure ya yi Hausa ko Zabarmanci a harabar lakwal. Ni ranar da na fara karanta labarin Marfa sai da na ajiye takardar, don na tuna bulalar da na sha a firamare kan na ce wa abokina ya ba ni aron biro da Hausa. Tsofaffin ɗaliban Blackwell sun taru a 2007 suka yi bikin tono yaren nasu, a 2022 kuma aka sa hannu a dokar da ta mayar da ginin wurin tarihi na ƙasa.

Kika ce me ya haɗa mu da su. Ga abinda ya haɗa mu, kuma wannan ba maganar zumunci ba ce maganar kotu ce. A shekarun 1940 a Westminster ta Kalifoniya wata yarinya Sylvia Mendez 'yar shekara 8 ta je a sa ta a makarantar unguwa ita da 'yan uwanta, aka karɓi 'ya'yan gwaggonta saboda sun fi haske kuma sunan ubansu bai yi kama da na Meziko ba, ita da 'yan uwanta maza aka ce su tafi makarantar 'yan Meziko. Ubanta Gonzalo ɗan Meziko da uwarta Felicitas 'yar Puerto Rico suka haɗu da wasu iyalai huɗu suka shigar da ƙara a 1945, alƙali Paul McCormick ya ba su gaskiya a 1946, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 1947. Ƙungiyar baƙar fata ta NAACP, wadda Thurgood Marshall ke jagorantar lauyoyinta, ta shigar da takardar goyon baya a shari'ar. Gwamnan Kalifoniya na lokacin Earl Warren ya sa hannu a dokar da ta soke wariyar makarantu a jihar a wannan shekarar. Bayan shekara 7 sai ga Marshall ɗin nan a gaban Kotun Ƙoli yana jayayya a shari'ar Brown, wanda ke kan kujerar alƙalin alƙalai kuma Warren ɗin nan ne, aka haramta raba yara baƙi da farare a makarantun gwamnati a duk ƙasar a 1954. Kowane yaro a Amurka ya san Brown, ki tambayi ɗiyarki ko ta taɓa jin Mendez. Obama ya ba Sylvia lambar yabo mafi girma ta farar hula a 2011.

Ba nan kaɗai ba. Teksas ta yi doka a 1975 da ta ba makarantu damar ƙin karɓar yaran da ba su da takardun zama, a garin Tyler har aka ce kowane yaro irin wannan sai an biya masa dala 1,000 a shekara, iyalai 'yan Meziko ne suka kai ƙara duk da tsoron a kama su a kore su, a 1982 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci 5 da 4 a shari'ar Plyler cewa ba a hana yaro karatu saboda takardun iyayensa. Ni da ke mun san gidaje nawa ne a cikin jama'armu da yaransu ke zuwa makaranta yau albarkacin wannan hukuncin, ba sai mun kira suna ba. A nan Niyok kuma wata ƙungiyar 'yan Puerto Rico mai suna Aspira, wadda Antonia Pantoja ta kafa a 1961, ita ta maka hukumar ilimin birnin a kotu har aka cimma yarjejeniya a 1974 cewa yaro mai magana da Sifaniyanci da bai iya Turanci ba dole a ba shi taimakon harshe, a wannan shekarar ce kuma iyayen 'yan Sin suka ci tasu shari'ar ta Lau a Kotun Ƙoli. Duk yaron da ya sauka daga Kumasi ko Yamai ko Kano aka ba shi malamin Turanci na musamman maimakon a jefa shi bayan aji a manta da shi, toh inuwar bishiyar da waɗannan suka dasa yake sha.

Su kuma ba a kan faranti aka miƙo musu wannan darasin ba. A watan Maris na 1968 dubban ɗalibai a gabashin Los Angeles suka fice daga azuzuwa a manyan makarantu biyar, suna neman a daina dukansu kan yare, a daina tura su ajin koyon aikin hannu kawai kamar ba za su iya jami'a ba, a kuma sa tarihinsu a manhaja. Aka kama mutum 13 har da malaminsu Sal Castro. Daga nan ne aka fara buɗe sassan nazarin 'yan Meziko-Amurka a jami'o'i. Amma littattafan sakandare har yau da saura, a 2023 masu bincike na jami'ar Johns Hopkins tare da ƙungiyar UnidosUS suka duba littattafan tarihin da ake amfani da su a manyan makarantu, suka tarar kashi 87 cikin 100 na muhimman batutuwan tarihin Latino ko dai ba a ambace su kwata-kwata ba ko kuma an taɓa su a jimla biyar ko ƙasa da haka. Ni ban yi mamaki ba, littafin da na daɗe ina koyarwa da shi sai ki yi ta buɗe shafi baki gamu da su ba sai a wani ɗan akwatin rubutu a gefen shafi, hoton Cesar Chavez jagoran ma'aikatan gona da layi uku, Dolores Huerta da suka kafa ƙungiyar ma'aikatan gona tare a 1962 ko sunanta babu.

Maganar lissafi kuma, na fahimce ki sosai, uwa ce ke. Amma ki sani wannan aikin a lokacin darasin zamantakewa ko na Turanci ake yinsa, ba a taɓa awar lissafi, idan kuma kika ga an taɓa toh nan kina da bakin magana. Sannan akwai abinda aka gani a San Francisco. Makarantun birnin sun gwada wani darasi na tarihin ƙabilu ga 'yan aji 9, aka riƙa tura yaran da makinsu ya yi ƙasa a aji 8, malamai biyu na jami'ar Stanford, Thomas Dee da Emily Penner, suka bi sawunsu suka tarar zuwansu makaranta ya ƙaru da maki 21 cikin 100, sakamakonsu gaba ɗaya ya tashi sosai har da na lissafi da kimiyya. Wasu masana sun soki yadda aka yi lissafin binciken kuma makarantu kaɗan ne aka duba, don haka ba zan ce miki magani ne na kowace cuta ba. Amma dalilin ba shi da wuyar ganewa ga duk wanda ya taɓa riƙe alli, yaron da yake ganin makaranta ba ta san da zamansa ba fashi yake yi, wanda ya ji an kira sunan garin kakarsa a aji gobe da wuri zai zo, in ya zo kuwa har ajin lissafin zai shiga.

Akwai kuma masu adawa da abin, kuma ya kamata ki san da su don kar ki ji a wani wuri ki ce na ɓoye miki. Rikicin da ya fi kowanne shine na Tucson a Arizona. Makarantun garin sun fara shirin nazarin 'yan Meziko-Amurka a 1998, wasu 'yan siyasar jihar, Tom Horne da John Huppenthal, suka ce shirin yana koya wa yara ƙin farar fata da ƙin ƙasa, a 2010 gwamna Jan Brewer ta sa hannu a dokar da ta haramta irinsa, aka yi barazanar yanke kashi 10 cikin 100 na kuɗin da jiha ke ba makarantun. Abin dariyar shine Huppenthal da kansa ya ɗauko kamfani ya binciki azuzuwan, kamfanin ya ce bai ga inda aka karya doka ba, ya ajiye rahoton gefe ya ci gaba. A Janairun 2012 aka rufe shirin, aka shiga azuzuwa aka kwashe littattafai a kwali. Binciken da Nolan Cabrera na jami'ar Arizona ya jagoranta ya nuna yaran da suka yi darasin sun fi takwarorinsu cin jarabawar jiha da kammala makaranta. A 2017 alƙalin tarayya Wallace Tashima, wanda shi kansa yana yaro an tsare iyalinsa a sansanin da aka tara 'yan asalin Japan lokacin yaƙin duniya na biyu a cikin Arizonar nan, ya yanke hukunci cewa ƙiyayyar launin fata ce ta sa aka yi dokar aka kuma aiwatar da ita. Bayan haka Teksas ta amince da irin darasin a 2018, Connecticut ta yi doka a 2019 cewa dole manyan makarantu su samar da darasin tarihin baƙar fata da na Latino, Kalifoniya ta yi tata a 2021. Ra'ayina dai, tsoron da masu adawa ke ji ba gaba ɗaya banza ba ne, na taɓa zama a ajin wani abokin aiki da ya mayar da darasin kamar taron jam'iyya, yara na maimaita abinda ya faɗa ba tare da sun ga hujja ba, wannan ba koyarwa ba ce. Maganinsa a gyara malamin a ba yara takardun asali su karanta su yi musu, amma kwashe littafi a kwali kam tsoro ne kawai.

Toh bara in dawo kan shirmen da na ambata. Wata shekara a wata makaranta da na yi aiki, shugabar ta sayo malafun Meziko na kwali da gashin baki na roba ta ce kowa ya saka ranar taro, alhali a ajina ɗan Meziko ɗaya ne tal, sauran 'yan Dominika ne da Puerto Rico da Ekwado da Honduras. Wata yarinya baƙa wuluk kamar 'yar ƙauyenmu, 'yar ƙabilar Garifuna daga Honduras, ta zo ta ce min Malam mu fa ba ma saka wannan, kuma kowa cewa yake ni ba Latina ba ce saboda fatata. Na ji kunya ranar. Kamar a ce za a yi ranar Afirka a sa ɗiyarki ta ɗaura kayan Masai ta riƙe mashi. Irin wannan ne ma ke sa mutane su ɗauka 5 ga Mayu ranar 'yancin Meziko ce, alhali tunawa ce da yaƙin Puebla na 1862 da suka kori sojan Faransa.

Maganar yarinyar nan ce ta sa na canza yadda nake koyar da watan, kuma nan ne ɗiyarki zata tsinci kanta a ciki fiye da yadda kike zato. Daga cikin mutanen Afirka kusan miliyan 10 da dubu 700 da suka tsira da rai aka sauke su a nahiyar Amurka a matsayin bayi, waɗanda aka kawo kai tsaye ƙasar da muke ciki ba su kai dubu 400 ba, Birazil kaɗai ta karɓi sama da miliyan 4, sauran Kiyuba da Kolombiya da tsibiran Karebiyan da sauransu. Kuma akwai Hausawa a ciki Hajiya, da sunansu a rubuce. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804 sun jefa mutane da yawa hannun fatake har bakin teku, aka kai su Bahia ta Birazil, a 1807 aka bankaɗo shirin tawaye na Hausawa a birnin Salvador, suka sake tashi a 1809 da 1814. A Janairun 1835 cikin azumin Ramadan aka yi babban boren da ake kira na Malê, yawanci Yarbawa Musulmi da wasu Hausawa, 'yan sanda suka tarar da layu da takardu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Har yau a Bahia akwai abincin da ake kira arroz de hauçá, wato shinkafar Hausa. Wani ɗan Puerto Rico baƙar fata Arturo Schomburg, da ake cewa malamarsa ta taɓa gaya masa baƙar fata ba su da tarihi, shi ya kwashe rayuwarsa yana tara littattafai da takardun tarihin baƙar fata, tarin nasa ne tushen cibiyar Schomburg da ke Harlem, jirgin ƙasa ɗaya zaki hau daga Bronx, kuma shiga kyauta ne. Ki kai ta wata Asabar.

Ga kuma ɓangaren yare, wanda yaran Musulmi ke jin daɗinsa ba kaɗan ba. Musulmi sun yi mulki a Andalus, a yankin Sifen ta yau, daga 711 zuwa 1492, Sifaniyanci ya kwashi kalmomin Larabci da yawa kuma wasunsu mu ma mun kwasa ta wata hanyar. Magajin gari a wurinsu alcalde ne, wato alƙalinmu. Azúcar sukari, aceituna zaitun, hasta ita ce hattarmu, ojalá da suke faɗa in suna fatan abu daga kiran sunan Allah ta samo asali. Na taɓa rubuta waɗannan a allo na sa yaran Gambiya da Yaman da Dominika su yi ta cankar ma'ana, sai da aka kaɗa ƙararrawa ba wanda ya motsa. Akwai ma Musulmi 'yan Latino, a Houston suna da cibiya da ake wa'azi da Sifaniyanci.

Batun teburin matattu, wannan shine Día de Muertos, ranakun 1 da 2 ga Nuwamba, al'adar Meziko ce da ta haɗa abin mutanen ƙasar na asali da na Katolika, ana jera hotunan mamata da furanni da kyandir da burodi da abincin da mamacin ke so. A gidajen da suka riƙe abin da gaske ibada ce, ana ganin ruhin mamaci na kawo ziyara. A nan ina tare da ke. Dokar ƙasar nan tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1963 ta bambanta koyar da yaro game da addini, wanda ya halatta, da sa shi ya aikata ibada, wanda makarantar gwamnati ba ta da ikon yi. Ta karanta, ta kalla, ta san me ake nufi, ta amsa a jarabawa, amma idan an ce ta kawo hoton kakanta da ya rasu ta ɗora ta kunna kyandir, ki rubuta wa malamar 'yar takarda cikin ladabi cewa addininmu bai yarda ba a ba ta wani aikin a madadinsa, misali ta rubuta yadda ake zaman makoki da addu'a ga mamaci a wurinmu ta kwatanta da nasu. Ban taɓa ganin malamin da ya ƙi irin wannan roƙon ba. Ki tuna kuma tun 2015 ake rufe makarantun birnin nan ranar sallah, yaran Katolikan nan suna zama a gida saboda idinmu, suna kuma tambayar 'ya'yanmu me ake yi.

Abinda zan so ki yi shine ki je taron iyaye, ko ki tura wa malamar saƙo, ki tambaye ta wane tarihi yara za su karanta a watan nan banda abinci da rawa, ƙasashe nawa za a taɓa, za a yi maganar baƙar fatan Latin Amurka da mutanen asali, sannan bayan 15 ga Oktoba za a sake jin labarinsu ko an rufe sai baɗi. Daga yadda ta amsa zaki gane. Malamar kirki daɗi zata ji, don iyayen da ke tambayar manhaja ba su da yawa, mu iyayen Afirka ma an san mu da cewa sai yaro ya yi laifi ake ganinmu. Idan kuma an bar yara su zaɓi batun aikinsu, ki ce ta ɗauki Mendez ko boren Bahia, kar ta bi sahun masu zana tuta.

Ranar abincin kuma ba sai kin wahalar da kanki da koyon girkin wasu ba. Masarar da muke tuwo da ita, tumatir, barkono, rogo, gyaɗa, dankali, gwanda, duk daga nahiyarsu suka zo mana. Ki haɗa zoɓo mai sanyi da citta da kanumfari ta kai, a Meziko sunansa agua de jamaica, suna shansa kamar ba gobe, kuma Najeriya na cikin manyan masu sayar musu da busasshen zoɓon, daga gonakin Jigawa da Kano da Katsina ake lodinsa. In kina da ƙarfi ki ƙara da kunun aya, a Valencia ta Sifen da aya suke yin horchata, 'yan Meziko kuma da shinkafa. Ki rubuta sunan da Hausa da Sifaniyanci a jikin jarkar, ki rage sukari kaɗan don makarantu ba sa son abu mai zaƙi da yawa, ki kuma rubuta cewa ba gyaɗa a ciki saboda yaran da ba ta karɓe su ba.